Kuloci Ba Ya Mutuwa Sai Ya Yi Sallama: Jawabin Sashen Direbobi da Makanikai a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya, Gedambaliya

  



An ba sashenmu ɗan lokaci a wannan taro, muka zauna muka yi shawara, muka ga babu abin da ya fi dacewa mu yi magana a kai kamar kuloci. Wani zai ce ranar murna ce, me ya kawo zancen baƙin mai? Amsar tana wajen dattawanmu masu sulhu. Su suka san sau nawa ake kawo masu ƙara iri ɗaya: mota ta tsaya da lodin riɗi a daji, mai mota ya ce ƙafar direba ce ta ƙona masa kuloci, direba ya ce lodin mai kaya ne ya yi yawa, mai kaya ya ce bai san wannan ba, shi dai an saɓa masa alkawari a bakin iyaka, su ukun kuma su taru a kan bakanike su ce jabun kaya ya saka. Zumuncin shekaru ya lalace a kan faranti ɗaya. Abin da muke so mu nuna yau shi ne kuloci yana yin gargaɗi tun da sauran lokaci, kuma ko bayan ya mutu, tsohon farantin yana faɗin abin da ya kashe shi. Wanda ya iya karanta waɗannan biyun ya rage wa kansa asara, ya rage wa dattawa zaman sulhu.

Mu fara da ƙasar da muke takawa. A nan yankin Gedambaliya aka fara noman damina da injuna a Sudan, a tsakiyar shekarun 1940, lokacin da Turawan Ingila ke neman dawar da za su ciyar da sojojinsu. Kakanninmu da suka baro Kano, Katsina, Sakkwato da Barno a kan hanyar hajji, da waɗanda suka biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, da yawansu a gonakin wannan yanki suka sami abin yi, har 'ya'yansu suka zama direbobi da fatake. Saboda haka wajen shekara tamanin ke nan garin nan ya san ƙarar inji. Amma baƙar lakar da ke ba mu dawa da riɗi ita ce babbar abokiyar gabar mota. Da rani ta tsage, ƙura ta shiga ko'ina. Da damina, daga Yuni zuwa Oktoba, ta kama taya kamar danƙo. Riɗi kuma ba ya jira, ana girbe shi ƙasa ba ta gama bushewa ba. A wannan tsakanin ne kulocin motocinmu ke shan wahalar da na kan kwalta ba ya sha a shekara guda.

Ga waɗanda ba su taɓa leƙa ciki ba, ga yadda abin yake. A bayan inji akwai babban faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa tare da shi. A jikinsa aka jingina farantin kuloci, mai fata gaba da baya irin ta birki, tsakiyarsa kuma tana zaune a kan haƙoran sandar da ta shiga giyabos. A kan farantin akwai murfi mai sifirin, wanda muke ce wa firesha, shi ke matse faranti a jikin faifan inji. Muddin yana matse, ƙarfin inji na wucewa zuwa taya. In direba ya taka, wani ƙarfe mai kama da cokali ya tura boris, boris ya danna sifirin, murfi ya saki, inji ya rabu da giya. Tsakanin ƙafar direba da wannan cokali akwai waya a wasu motoci, sandar ƙarfe a tsofaffin loriyoyi, ko mai da ke bi ta tiyo daga kulocin sama zuwa kulocin ƙasa. Manyan motoci kuma suna ƙarawa da taimakon iska. Daga boksin Hilux har Sifinja, tsohuwar Bedford ɗin da maƙeran Sudan suka mayar tasu, har Hino, asalin aikin ɗaya ne.

Ciwon kuloci iri huɗu ne: ko ya yi santsi, ko ya ƙi saki, ko ya yi karkarwa, ko ya yi kuka.

Na farko, santsi. Ka ba mota wuta, inji ya ɗaga murya, amma gudu bai ƙaru ba. An fi jin sa a babbar giya, a kan hawa, da lodi, sau da yawa tare da ƙauri irin na birkin da ya ƙone. Gwajinsa ba ya cin ko sisi. A sami fili babu kowa a gaba, a ja hambirki, a sa dutse a taya, a saka giya ta uku ko ta huɗu, a ɗan ba da wuta, a saki kuloci a hankali. Lafiyayyen kuloci zai kashe inji nan take. In inji ya ci gaba da juyawa ƙafa tana sama, faranti na zamewa. Sau ɗaya ake wannan gwaji, na 'yan daƙiƙu, don shi kansa yana cin faranti.

To, kafin kowa ya ce a sauke giyabos, a sunkuya a taɓa matakin kuloci da hannu. Dole a sami ɗan wasa a samansa kafin ya fara tauri: kamar faɗin yatsa ɗaya zuwa biyu a ƙaramar mota, ya ɗan fi haka a lori, kowace mota da ma'aunin da kamfaninta ya rubuta. A motoci masu waya ko sanda, yayin da faranti ke cinyewa wannan wasa raguwa yake yi. In ya ƙare, boris zai zauna a kan sifirin dare da rana, kamar direba ya ɗora ƙafa bai ɗauke ba. Noti ɗaya ake juyawa wasan ya dawo. Mun sha ganin motar da aka zo da ita a kan za a canza kaya duka, aikin minti goma ya sallame ta. In wasa yana nan daidai amma santsi bai tafi ba, a leƙa ƙarƙashin mahaɗar inji da giyabos. In mai na ɗiga a wurin, sil ɗin bayan inji ko na gaban giyabos ya buɗe, mai ya jiƙa faranti. In wurin a bushe yake, to faranti ya cinye ko sifirin ya gaji, sai a buɗe.

Na biyu, ƙin saki. Ka taka har ƙasa, giya ta ƙi shiga, ko ta shiga da gurnani. Ribas ce ke fara kai ƙara, domin a yawancin motoci ba ta da zoben da ke daidaita gudu kamar sauran giyoyi. A nan ne aka fi zaluntar giyabos, a ce shi ya lalace. A kashe inji a gwada. In giyoyi suna shiga sumul inji a kashe, suna ƙi in yana aiki, laifin na kuloci ne. Sannan a taka sau huɗu ko biyar da sauri a sake gwadawa. In giya ta shiga bayan haka, iska ce ta shiga layin mai, ko robobin ciki sun gaji. A duba tulun mai ko ya ragu. A shafa bayan mataki daga cikin mota, in da danshi kulocin sama ne ke yoyo. A ɗaga robar bakin kulocin ƙasa, in mai ya zubo shi ne mai laifi. Duk waɗannan daga waje ake gyara su, ba a taɓa giyabos.

Cire iska aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya taka ya riƙe, ɗaya ya buɗe ɗan notin da ke jikin kulocin ƙasa, mai da kumfa su fita, ya rufe kafin na sama ya ɗaga ƙafa. A maimaita har kumfa ta ƙare, ana lura kada tulu ya bushe. Muna roƙon yaran mota su riƙe wannan da kyau: abin da aka rubuta a murfin tulu shi ake zubawa, a yawancin motocinmu man birki ne DOT 3 ko DOT 4. Baƙin mai, man giya ko gas suna kumbura robobin ciki, cikin 'yan kwanaki sama da ƙasa duka su tashi aiki. Man birki kuma yana shan ruwa daga iska, don haka gwangwanin da aka bari a buɗe tun bara ba abin amfani ba ne.

Akwai wani ƙin saki da ya fi yawa a wajenmu. Motar da aka ajiye duk damina, ko wadda ta kwana a cikin ruwa da laka, tsatsa kan manne farantinta da faifan inji, ko ta kama haƙoran sanda har faranti ya kasa motsi. Maganinsa tun kafin ya faru: duk mako a tayar da motar, a taka kuloci, a ɗan gusa da ita gaba da baya. Wanda ya cire murfin da ke ƙarƙashin mahaɗa bai mayar ba, ya buɗe wa laka ƙofa da hannunsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku, karkarwa. Mota za ta tashi, sai ta riƙa jijjiga kamar mai zazzaɓi, in ta kama hanya ta daina. Kafin a zargi faranti a duba kujerun inji da na giyabos. Ramukan hanyoyin gona suna yayyaga robarsu, inji ya riƙa tsalle a wurinsa, kuma canza su ya fi buɗe kuloci sauƙi nesa ba kusa ba. In kujeru lafiya suke, to mai ya taɓa faranti, ko zafi ya yi wa faifan inji tabo, ko faranti ya tanƙware.

Na huɗu, kuka. A nan kunne ne bakanike. A bar inji a silo, giya a firi. In babu ƙara sai an fara takawa, boris ɗin da ke danna sifirin ne. In ƙara tana nan ƙafa a sama, ta ɓace in an taka, boris ɗin sandar giyabos ne, canza kuloci ba zai kashe ta ba. In kuma sai an taka har ƙasa an saka giya ake jin ta, ɗan ƙaramin boris ɗin da ke tsakiyar faifan inji ne, wanda ke riƙe bakin sanda. Direban da ya zo gareji ya ce "tana kuka in na taka" ya riga ya yi wa bakanike rabin aiki.

Yanzu in bincike ya nuna dole a buɗe. Alhazai masu motoci, a nan muke neman ku ba mu kunne. Mun san halin da ake ciki. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, kayan gyaran da muka saba samu daga Kartum suka yanke, aka koma jiran na Bur Sudan da na bakin iyaka, kuɗinsu ya hau, jabu ya cika kasuwa. Duk da haka, babban kuɗin wannan aiki yana wajen sauke giyabos da kwanakin da mota za ta yi ba ta aiki. Wanda ya canza faranti kaɗai ya bar tsohon firesha da tsohon boris, yana iya sake biyan wannan kuɗi kafin a gama kwashe dawa. Faranti, firesha da boris tare suka tsufa, tare ake sallamarsu. Tunda an buɗe, a duba sil biyun nan da ɗan boris na tsakiya. A shafa fuskar faifan inji: in ta yi kwari ko tabo, a kai wa masu makarata a Gadarif su share ta, in ta tsage sosai a nemi wani. Sabon faranti a kan faifai mai kwari ba ya daɗewa. In hali bai kai ga sabo ba sai wanda aka sake wa fata, a tabbata kan kusoshin ya nutse cikin fatar sosai, sifirin ɗin tsakiya ba sa girgiɗi, farantin kuma bai karkace ba. Araha ba ta ado, amma in za a saye ta a saye ta da ido.

Ga 'yan'uwanmu makanikai da almajiransu, abubuwan da muka sani ne, tunatarwa ce. Faranti yana da gaba da baya, a duba rubutun jikinsa kafin a ɗora. A daidaita tsakiyarsa da tsohuwar sandar giyabos kafin a ɗaure murfi. A ɗaure notuna kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi, har su zauna tare. Giris a haƙoran sanda ɗan shafe ne kawai, in ya yi yawa juyawa za ta watsa shi a kan fata, sabon kaya ya fara santsi tun ranar farko. Kada a bar nauyin giyabos ya rataya a kan faranti lokacin sakawa, kuma kada a jawo shi da noti in ya ƙi shiga. Ƙurar da ke ciki a share ta da jiƙaƙƙen tsumma, kada a hura ta da iska ko da baki, domin tsofaffin fatu da wasu masu araha suna ɗauke da asbestos, wanda ke lalata huhu bayan shekaru. Kuma kada ɗan kowa ya shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai. Bayan gyara, direba ya lallaɓa motar na 'yan kwanaki kafin a ɗora mata cikakken lodi, sabuwar fata ta zauna.

Mu dawo kan rigimar da muka fara da ita. Tsohon kaya shaida ne, kada a jefar. In fata ta cinye daidai ko'ina har ta kai kusoshi, babu canjin launi, tsufa ne, babu mai laifi, mai mota ya biya da zuciya ɗaya. In ƙarfen firesha ya yi shuɗi, fata ta ƙone tana marmashewa, zafi ne na riƙe mota a rabin kuloci, sai a tambaya a ina, kuma da wane lodi. In bakin yatsun sifirin ya cinye boris ya ƙone, ko direba na ɗora ƙafa a kan mataki yana tafiya, ko an daɗe ba a daidaita wasa ba. In faranti ya yi baƙi yana maiƙo, sil ne, kuma in ba a daɗe da buɗewa ba, a tambayi wanda ya buɗe me ya sa bai duba ba. In sifirin ɗin tsakiya sun karye ko sun fita, a duba fizgar tashi, da lodin da ya wuce kima, da jan mota a babbar giya inji na shaƙewa.

Direbobi, mu ma da namu. Lori mai lodi da giya ta ɗaya ake tayar da ita, ko da ta biyu za ta iya. A layin kwastan na Galabat, ko a bakin kasuwar amfanin gona ta Gadarif, a saka firi a ɗauke ƙafa. A kan hawa hambirki ne ke riƙe mota. Masu ƙetarawa ta Matamma su nufi Gondar sun san hanyar tana hawa daga ƙasa mai zafi zuwa sama da mita 2,000, masu zuwa Bur Sudan kuma sun san gangaren Akaba tsakanin Sinkat da Sawakin. A irin waɗannan wurare a zaɓi giya tun kafin a shiga. Wanda ya taka kuloci ya bar mota ta gangara tana cikin ƙaramar giya, taya za ta juya faranti da gudun da ya fi ƙarfinsa har ya tarwatse, ga birki ya rasa taimakon inji. In mota ta kafe a laka, gaba da baya a rabin kuloci na 'yan mintuna ya isa ya ƙona farantin da zai yi shekaru. In an gwada sau biyu ba ta fita ba, a kashe inji, a haƙa, a shimfiɗa itace, a rage buhuna, ko a aika a kira tarakta. In kuwa waya ta tsinke ko mai ya zube a daji, ana iya saka giya ta ɗaya inji a kashe, a tayar da ita a haka, a lallaɓa zuwa gari mafi kusa. Dabarar fita daji ce, ba ta ci gaba da fatauci ba.

Masu kaya, ku ma kuna da hannu a kan wannan mataki ko da ba ku taɓa tuƙi ba. Buhu goman da aka ƙara a kan abin da mota ke ɗauka, da matsa wa direba ya shiga gona washegarin ruwan sama, faranti ne ke biyan su. Ribar buhu goma ba ta kai asarar kwana uku a daji ba, ga kuɗin tarakta, ga ciniki ya wuce.

Saboda haka muna miƙa wa shugabanni shawara uku, in sun ga dacewarsu a sa su cikin ƙa'idojin ƙungiya. Ta farko, kowace motar ɗan ƙungiya a duba mata wasan mataki, mai, yoyo da kujerun inji kafin a fara kwasar riɗi, mu kuma 'yan wannan sashe mun ɗauki nauyin yin wannan dubawa ba tare da karɓar kuɗin hannu ba. Ta biyu, duk bakaniken da ya buɗe kuloci ya mayar wa mai mota tsohon kayan a gaban direba, kuma kada a saurari ƙara a kan kuloci sai an zo da su. Ta uku, direban da ya faɗi alama tun da wuri, ko ya ƙi lodin da ya wuce kima, ko ya ƙi shiga laka, kada a cire masa ko sisi, kada a karɓe masa makulli. Muddin direba yana tsoron faɗin gaskiya, mai mota ba zai ji labarin kulocinsa ba sai daga bakin mai tarakta. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

 Allah ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu, ya tsare mana hanyoyi, ya sa albarka a noma da fatauci, ya maimaita mana na baɗi da rai da lafiya.